Ƙwarangwal a Kan Turame Biyu

Har yau idan warin kananzir ya taɓa hannuna raina sai ya ɓaci, ko da fitila kawai na zuba wa. Yarana sun lura, shi ya sa in za a kunna risho suke riga ni ɗaukar kwalbar. Suna tsammanin warin ne ba na so, ni kuma ban taɓa zaunar da su na ba su labarin ba.

A shekarun da aka fara shari'a a jiharmu, lokacin da bakin kowa ba ya rabo da maganar haƙƙi da adalci, wani bijimi ya matse maigidana a jikin mota a kasuwar Mai'aduwa. Lodin shanu suke yi, shanun wani Alhaji mutumin Mashi, wanda shi ne ubangidan surukina a harkar dabbobi tun kafin a haifi maigidan nawa. Aka yi ɗorin gida, aka yi zaryar asibiti a Daura. Ƙafar hagu ta warke, amma ta sandare, gwiwar ba ta lanƙwasuwa ko kaɗan. Mutumin da ke ɗaukar buhun gero shi kaɗai ya koma dogara sanda.

A garin Babban Mutum muke zaune, gida ɗaya da iyayensa. Gonarsa tana can wajen iyakar Nijar, hanyar kuma yashi ce zalla. Babur ba ya bin ta sai da mai ƙafafu biyu lafiyayyu da zai riƙa dafe ƙasa. Ya gwada jaki, jakin ya kayar da shi a gaban mata masu ɗibar ruwa. Daga nan aka koma ɗora shi a amalanke tare da buhunan taki, ƙaninsa na kora shanu, shi yana zaune da ƙafa a miƙe, duk wanda aka wuce sai ya ce sannu. Wata rana ya dawo ya ce ba zai ƙara hawa ba. Shi ba mai yawan magana ba ne, duk hirarsa ta gona ce, da gonar ta gagara sai hirar ma ta ƙare. Sai ya wuni a ƙofar ɗaki yana tona ƙasa da bakin sandarsa. Ni abin yana ci mini rai fiye da yadda nake iya faɗa.

Yayana bakanike ne a Mai'aduwa. Da bazara ta shigo ya zo duba mu, ya ce ya ga wani abu a wurin 'yan gwangwan: babur mai ƙafa huɗu, irin waɗanda ake shigowa da su ta Nijar, wanda don yashi aka ƙera shi. Ba ya faɗuwa, ba ya buƙatar a dafe ƙasa, birkin ma zai iya mayar da shi hannu. Ya ce injin da rai, sai dai ƙarafunan duk tsatsa ta kama su. Ban tsaya shawara da kowa ba. Tumakina na kiwo, waɗanda na fara da tunkiyar da mahaifiyata ta ba ni, su na sa aka kai kasuwa. A riƙe wannan da kyau, tumakina ne, ba na kowa ba a gidan nan.

Yaya ya warware babur ɗin kaf. Ya riƙe inji da tayoyi a wurinsa zai gyara, ya ɗauro mini abin da suke kira firam, wato ƙarafunan da ake ɗora komai a kansu. Ni dai ƙwarangwal nake ce masa, don da shi ya yi kama. Ya ce, "In ba a kashe tsatsar nan ba, damina ɗaya za ta karya shi. Rumfata a buɗe take, ga aiki ya yi mini yawa. Ke da kike shafen ɗaki duk sallah, wannan ba zai gagare ki ba." Ya bar mini burushin waya da samfefa da jan fentin da ake fara shafawa don hana tsatsa. Shuɗin da za a ɗora a kai ni na zaɓa, na aika aka sayo a Daura.

Ranar da aka shigo da ƙwarangwal ɗin, Baba, wato surukina, ya tsaya ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wa Inna, matarsa, "Wannan tarkacen kuma na mene ne? Gidan nan ya zama bola?" Ni ba na magana a gabansa. Tun da aka kawo ni gidan, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, ina durƙushe kaina a ƙasa. In ina da magana da shi, Inna nake faɗa wa ta kai.

Na kifa tsofaffin turame biyu a bayan ɗakina na ɗora ƙwarangwal ɗin a kai. Wanda bai taɓa kankare tsatsa ba bai san aiki ba. Da farko sai an wanke baƙin man da ya daskare da kananzir, shi kuma kananzir yana cin fata, har tafin hannuna ya riƙa saɓulewa. Sannan burushin waya, sannan samfefa, lungu-lungu, musamman inda aka yi walda, don nan tsatsa ke ɓuya. Akwai wuraren da yatsa ba ya shiga, sai na naɗe samfefar a tsinken tsintsiya. Da na gama abincin safe nake zama, ba na tashi sai an kira azahar, in rana ta yi sanyi in koma. Farcena suka kakkarye. Na je suna a maƙwabta, matan suka kama hannuna suna dariya, wai wane irin lalle ne wannan mai warin gareji. Na ce irin na 'yan birni ne, bai iso ƙauyensu ba tukuna.

Jan fentin ya hau lafiya. Shuɗin ne ya so ya haukata ni. Shafar farko na cika hannu, fentin ya yi kauri ya riƙa gangarowa yana daskarewa guda-guda. Na bari ya bushe, na goge, na sake. Ta biyu ta yi kyau, sai ga matar ƙanin maigidana ta fito da gero tana sheƙa a tsakar gida, iska ta kwaso ƙaiƙayi ta watsa a kan ɗanyen fenti. Da na zagayo na gani, ihun da na yi har Inna ta fito ba mayafi. Na ce daga yau duk mai sheƙa ta fita bayan gida, duk kazar da ta matso kusa da turamen nan kuma a tukunya za ta kwana. Kowa ya san ba wasa nake yi ba. Na sake gogewa, na cire gidan sauronmu na kafa masa da sanduna huɗu, mu muka riƙa kwana sauro na cizo, ƙarfe na cikin gidan sauro.

A nan na koyi cewa fenti ba ya son zuciya. Sai an tsinka shi kaɗan, a shafa siriri, a bar shi ya sha iska, a sake shafa siriri. Ni da ba ni da haƙuri da kowa, na yi haƙuri da ƙarfe. Abin da ya riƙe ni kuwa shi ne maigidana. Ya fara jawo tabarmarsa kusa da turamen, yana nuna mini inda na tsallake da bakin sandarsa. Har ya fara cewa a baya za a ɗaura kwandon iri, a gaba jarkar ruwa, bana kuma ɓangaren da ke kusa da gawon nan wake zai sa. Rabon da in ji ya yi magana mai tsawon haka tun kafin bijimin.

Da shafar ƙarshe ta bushe, abin ya fito yana sheƙi, ka rantse daga kanti aka sauko da shi. Yaya ya aiko cewa inji ya tashi, kasuwa mai zuwa zai zo ya haɗa. Hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma.

Ana nan sai ga saƙo, Alhajin Mashi zai zo duba mai ƙafa. Sai a lokacin ya tuna, bayan damina guda da rani guda sun wuce. Ni na yi girkin, kazata ce ma aka yanka. Baba, wanda ya ce na mayar masa da gida bola, shi ya sa aka ɗauko ƙwarangwal ɗina daga bayan ɗaki aka kai shigifa, ɗakin da ke tsakanin zaure da cikin gida, don baƙo ya ga abin da ake yi a gidansa. Da na ga an ɗauka har wani daɗi na ji, na ce yau dai ya yarda aiki ne. Na laɓe a bayan zana ina jin su.

Alhaji ya zagaya shi, ina jin ƙarar zobensa yana ƙwanƙwasa ƙarfen. Ya ce, "Kai, masha Allah! Wannan abu ya yi kyau. Ban taɓa ganin irinsa ba."

Baba ya ce, "Ai naka ne, Alhaji. An ba ka."

Gabana ko faɗuwa bai yi ba. Kowa ya san yadda ake yi. Baƙo ya yaba abu, mai gida ya ce an ba ka, baƙo ya ce na gode, na bar wa yara, a yi dariya a wuce. Ni kaina sau nawa aka ba ni 'yan kunne da zannuwa a gidan biki ta wannan hanyar, ban taɓa dawowa da ko ɗaya ba. Ina jira in ji ya ce ya bar wa yara, sai na ji ya ce, "To madalla, na karɓa. Autana kuwa ya dame ni da maganar keke. Jibi zan turo mota."

Maigidana yana zaune a wurin, da ƙafarsa a miƙe a kan tabarma, sandarsa a jingine da bango. Alhajin nan sai da ya tsallake ƙafar kafin ya isa wurin ƙarfen. Ba makaho ba ne, ba kuma yaro ba ne, ya san wa aka yi wa abin. Sai na ji Baba ya ce, "Allah ya sa albarka," da wata murya da ban san shi da ita ba.

Ban san lokacin da na koma ɗaki ba. Da maigidana ya shigo na tare shi tun daga bakin ƙofa. Na ce, "Kana zaune aka yi kyauta da ƙafarka, ba ka ce uffan ba?"

Ya ce, "In ce me? In ƙaryata Baba a gaban baƙo?"

Na ce, "Ka ce ba naka ba ne, na matarka ne. Ƙarya ce?"

Ya ce, "Wannan ai ya fi muni. A ce Baba ya yi kyauta da kayan surukarsa?"

Na ce to ai abin da ya yi ke nan.

Na je wurin Inna. Ta riƙe haɓa, ta yi salati, ta ce ita ma ba ta taɓa ganin an karɓi irin wannan kyautar ba, amma in yi haƙuri. Haƙuri! Duk wanda bai kankare ko taku ɗaya na ƙarfen nan ba yana da haƙurin da zai ba ni.

Washegari na tafi Islamiyyar matan aure da aka buɗe mana a lokacin. Da aka tashi na tsaya na tambayi malaminmu, ban ambaci kowa ba, na ce mutum ne ya yi kyauta da abin da ba nasa ba, mai abin kuma bai yarda ba. Ya ce wannan kyauta ba ta ƙullu ba, in aka je gaban alƙali za a mayar wa mai abu abinsa. Na dawo gida da sauri kamar wadda ta tsinci wani abu. Maigidana ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wa zai tsaya gaban alƙali da Baba? Ni ko ke?"

Na ce, "Ni."

Ya ce, "Ranar da kika yi haka, ko babur ɗin ya dawo ba ni da fuskar da zan hau shi in ratsa garin nan."

Ga shari'a a bakin kowa, ga kotu a buɗe, ga malam ya ce gaskiya tawa ce, amma duk ba su iya tsallake zauren gidanmu ba.

Da la'asar na yi abin da ban taɓa yi ba. Baba yana zaune a ƙofar ɗakin Inna yana jan carbi, na je na durƙusa daga gefe, na yi magana da bakina. Na ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara. Ƙarfen nan da tumakina na saye shi, don ɗanka ya je gona. Ka aika wa Alhaji cewa kuskure aka yi."

Bai dube ni ba. Ya juya wajen Inna ya ce, "Ki faɗa mata magana ta riga ta fita. Mutumin da ya kai ni Makka ba zan aika masa in ce na fasa ba."

Na ce, "Ya kai ka Makka, Baba, shanunsa kuma sun kai ɗanka ƙasa."

Inna ta ce, "Ke! Tashi ki ba mu wuri." Na tashi. Na ga hannun Baba ya tsaya a kan carbin, na kuma san maganar ta shige shi, don shi ma bai yi zaton za a karɓa ba. Amma kunyarsa ta fi masa ƙafar ɗansa nauyi, kuma wannan ne ban yafe ba har ya koma ga Allah.

Motar ta zo da hantsi, a-kori-kura ce fara. Ina leƙe ta kafar zana. Abin da ya fi ƙona mini rai ba ɗaukar ba ce. Maigidana ne ya fito yana dogara sanda, ya tsaya a bayan motar yana ce musu su bi a hankali, su sa tsumma a ƙarƙashin igiya kada ta goge fentin. Da tsumma bai isa ba, ya sa aka ɗauko gidan sauron nan nawa aka naɗe ƙarfen da shi. Shi ya riƙe bakin igiyar har suka gama ɗauri. Da motar ta tashi ya daɗe a tsaye, sannan ya shigo ya wuce turamen nan biyu da ke kife bai dube su ba.

Ba a jima ba wani saƙon ya zo daga Mashi, wai ƙarfe ya iso lafiya, yaro ya yi murna, a haɗo da inji da tayoyin. Kafin Baba ya gama shawarar yadda zai tunkari yayana, ni na riga na aika masa. Yaya ya ɗauro injin a amalanke, ya yi sallama, ya shigo da shi har cikin ɗakina, muka tura shi lungun bayan gado na rufe da buhu. Tayoyin ya bar su a wurinsa.

Sai ga Inna ta zo da saƙon Baba, wai a fito da injin a cika alkawari. Na ce, "Inna, yana nan bayan gadona. Duk mai so ya shigo ya ɗauka." Ta dube ni, na dube ta. Ta san abin da nake nufi. Suruki ba ya taka ɗakin matar ɗansa, ƙanin miji ba ya wuce bakin ƙofa sai an ce ya shigo, balle wani direba daga Mashi. Kunyar da ta rufe mini baki a bayan zana ita ce ta tsaya mini gadi a ƙofar ɗaki. Maigidana ya ce in ba su kawai, ko ba komai abin zai yi tafiya a hannun wani. Na ce wallahi ko zai narke a nan ba zai fita ba, in ɗan Alhaji na son tafiya ya tura ƙarfen da ƙafafunsa, tunda shi yana da biyu.

Yaya ya yi ta neman wani firam ɗin a Mai'aduwa bai samu irinsa ba. Wani mai walda ya gwada ƙera mana, ya fito a karkace, injin bai zauna ba. Ruwa ya sauka, aka yi shuka ba mu. Gonar ta koma hannun ƙanin maigidana, yana nomawa yana kawo mana abin da ya kawo. Shi kuma ya kafa tebur a ƙofar gida yana sayar da fetur a kwalabe, yana zuba wa masu babura da ke wucewa gona.

Bayan shekaru Alhajin Mashi ya rasu, na raka Inna ta'aziyya, ba don ina so ba. Muna shiga gidan, kafin mu kai wurin mata, na ga ƙwarangwal ɗina a gindin katanga. Ba taya, ba inji, yadda ya bar gidanmu haka yake. An ɗaure wani ƙaton rago a jikinsa, an ajiye masa kwanon dusa a daidai inda maigidana ya ce za a ɗaura kwandon iri. Na matsa na sa hannu na share ƙasar da ta rufe shi. Shuɗin yana nan, ko ɓarewa bai yi ba, sai inda igiyar ragon ta ci. Wata mata ta ga ina shafa shi ta ce ai turke ne mai kyau, ba ragon da ke iya jan sa, kuma yanzu ya shiga cikin gadon marayu. Na shiga na yi gaisuwa, aka kawo abinci ban ci ba.

Da muka dawo na tarar da maigidana a bakin teburinsa, yana kallon hadarin da ya haɗo. Sai da Inna ta shige ya ce, "Kin gan shi?"

Na ce, "Na gani."

Ya ce, "Fentin ya riƙe?"

Na ce, "Ya riƙe."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ai na san zai riƙe. Kin iya aiki." Sai wani mai babur ya tsaya da garma ɗaure a baya, ya miƙa hannu ya ɗauko masa kwalba.

Na wuce ɗaki na turo ƙofa, don kada in faɗi abin da ke bakina a kan mamacin da muka je wa ta'aziyya. Na zauna a bakin gado da mayafina a jiki. Injin yana nan a lungunsa, buhun da na rufe shi da shi har ya fara cinyewa, na tashi na nemo wani na sake rufe shi.